Maganin da na ce wa Ummaru yana hanya

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya san ranar shigar ciwo da ranar fitarsa. Ni ba mai yawan magana ba ce, rubutun ma da girmana na koye shi, a ajin yaƙi da jahilci da aka buɗe mana a Jiga Birni jim kaɗan bayan an yanke mana jihar Kebbi. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri. Na rubuta ne saboda uwar da za ta zauna gefen gadon ɗanta a asibiti, kada ta yi abin da na yi.

Ummaru shi ne ɗana na uku, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu. Mahaifinsa ya rasu Ummaru yana saurayi, gonar albasa ta dawo hannunsa. Matarsa Dije 'yar Sarandosa ce ta ƙasar Maiyama, tana ɗauke da cikin fari lokacin da abin ya soma.

Lokacin dashe ne. Ya fara barin tuwo a kwano, mutumin da a da sai an ƙara masa. In ya sunkuya cikin fangalin albasa sai ya miƙe yana dafe gefen cikinsa na dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Wata safiya ya shigo gaishe ni, na ga farin idonsa ya koma kamar gwaiduwar ƙwai.

Na aika aka kira Malam Bello, ƙanen mahaifinsa, wanda shi ne babba a gidan yanzu. Ya ja fatar idon ya duba.

"Shawara ta," in ji shi. "Kuma kun dai sani, mai shawara ba a yi mai allura. Allura na shiga, sai a nemi likkahwani."

Duk garin haka muka sani, amma ni na fi kowa riƙe maganar. Ummaru da kansa ya ce zai hau keke ya je Aliero a duba shi. Na tsaya a bakin zaure na ce ban yarda ba. Bai taɓa ƙetare maganata ba, ya jingine keken. Na dafa saiwar rawaya, na dafa ganyen gwanda, na jiƙa ɓawon maɗaci. Na hana shi mai da gishiri da nama. Mako na huɗu ƙafafunsa suka kumbura. Mako na shida aka kira wanzami ya yi masa tsaga a ciki. Kowa ya zo dubiya da nasa ƙullin, ni kuma ba na mayar da hannun kowa. Sai da cikin ya fito gaba ya fi na matarsa, wuyansa ya zama kamar kara, sannan na ce a tafi asibiti. An shiga mako na tara ke nan.

A Jega muka fara. Muka kwana gidan ƙanwata a Jega Firchin don mu kama layi da wuri, duk da haka ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Ya danna cikin, Ummaru ya cije leɓe. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce wata biyu da 'yan kwanaki. Ya ɗago ya dube ni, ya rubuta takarda ya ce Sakkwato, kuma cikin makon nan. Har yau ina ganin wannan kallon.

Albasar ba ta gama ƙosawa ba aka sayar wa dillali a gona. Dije kuwa cikinta ya kai wata bakwai, iyayenta suka zo ɗaukarta don ta haihu a gida kamar yadda aka saba. Tana tsugune tana yi masa sallama ya ce, "In namiji na, kar a raɗa mai suna sai na zaka."

"In mace ta hwa, Malam?"

"In mace ta, a sa mata sunan Inna. Mu samu masu shiru biyu cikin gida, in huta."

Dije ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Ni ma na yi.

Mako biyun farko a babban asibitin Sakkwato a jira suka ƙare. A ɗibi jini, a ce ku dawo. A je ɗakin hoto, a ce wuta ta ɗauke, sai gobe. Aka soka masa doguwar allura aka ɗebo ɗan abu daga hantar, bai mutu ba, ni kuwa ina tsaye ina kallon allurar da na tsare masa ƙofa a kanta. Mu mata masu jinya ƙarƙashin itatuwan dogonyaro muke zama, nan muke girki a kan duwatsu, nan muke shanya. Magani sau da yawa sai an fita cikin gari a nemo, Malam Bello da ya rako mu ya sha yawo a rana kafin ya koma gida. Amma akwai wata nas 'yar Zuru, ba addininmu ɗaya ba, ita ta koya mini yadda zan juya shi kada bayansa ya yi gyambo, kuma in ta dafa abu a gida sai ta ɗebo mini. Allah ya saka mata.

Mai kula da shi kullum wani ƙaramin likita ne, dogo, Hausarsa irin ta gabas. Shi ya zaunar da ni a benci ya ce, "Mama, ba shawara ba ce kawai. Ciwon daji ne, a hanta." Ya ce yanka ba zai yiwu ba, ya bazu. Akwai wani magani da ake sawa cikin ƙarin ruwa duk mako uku, za a gwada.

Maganin ja ne wur, kamar zoɓo. Ummaru ya dubi kwalbar ya ce, "Inna, dibi, soɓorodon likita. Ko sukari ba su sa ba." Kwana biyu bayan nan ba ya iya wasa. Amai har sai abin da ba shi a ciki ya fito. Bakinsa ya yi ƙuraje, kunu ma da kuka yake wucewa. Kafin zagaye na biyu gashin kansa ya fara zama a kan matashi, ina tsincewa ina ɓoyewa a haɓar zane.

Wata rana na yi ƙarfin hali na tare likitan a baranda. Na ce, "Likita, ka yi mani haƙuri da tambaya. Ciwon ga hanta shike. Mi ya kai magani ga baki da gashi?"

Bai yi fushi ba. Ya ce me muke nomawa. Na ce albasa.

"To Mama, ki ɗauka tsutsa ta kama fangali ɗaya, ke kuma ba ki da hanyar kai mata guba sai ki zuba a bakin rijiya, ruwa ya bi gonar duka. Tsutsar za ta samu kaɗan, sauran albasar ta sha sauran. Haka maganin nan yake, bai san hanya ba."

Na ce ashe babu maganin da ya san hanya.

Nan fuskarsa ta saki, kamar an taɓo abin da yake so. Ya ce ya karanta cewa a wasu ƙasashe masana suna ƙoƙarin ƙulle magani cikin wasu 'yan ƙwayoyi, ƙanana ƙwarai, sun fi gari laushi, ido ba ya ganinsu. Jini zai ɗauke su, ba za su kwance ba sai sun isa inda ciwon yake, can su saki maganin a hankali. Abin da aka ƙulle maganin da shi kuma ya narke a jiki, irin zaren da suke ɗinke cikin mutum da shi wanda ba a zuwa warwarewa. Ya faɗi sunan abin da Turanci, ban riƙe ba.

"Yaushe za shi iso nan?"

"A'a, Mama. Ko can bai fita ɗakin gwaji ba, a jikin ɓeraye ake gwadawa. Ba na bana ba ne, ba na baɗi ba ne. Na gaya miki ne don kin tambaya."

Na rubuta wannan dalla-dalla don kada wani ya ɗora wa likitan nan laifi. Bai ruɗe ni ba. Ya faɗa mini sarai, na kuma ji sarai.

Bayan zagaye na biyu aka sake hoto. Likitan ya kira ni waje ya ce abin bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Ya ce, "Da ɗan'uwana ne, gida zan kai shi yanzu da yake takawa da ƙafarsa, yana gane mutane. In hanta ta gaji, dattin da ba ta tace ba kai yake hawa. Amma in kun ce a gwada na uku, za a gwada. Ku yi shawara da shi."

Na ce to. Ban yi shawara da shi ba.

Kwana biyu bayan haka Malam Bello ya iso da goro a aljihu. Dije ta sauka lafiya, mace. Ummaru da ya kwana uku bai zauna da kansa ba ya dafa ƙarfen gado ya tashi zaune. Ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya jawo hularsa ya ɗora a kan da babu gashi.

"Inna, mu tahi. Saura kwana biyar suna. Ko a zaure su aje ni, in yi mata huɗuba da bakina."

Ga abin da ke zuciyata a lokacin, ba don in wanke kaina ba. A wurinmu in aka dawo da mara lafiya daga asibiti bai warke ba, kowa ya san ma'anarsa. Mata su fara shigowa da tabarmi, a riƙa gaishe ka da murya ƙasa-ƙasa tun mutum yana numfashi. Na gani a kan mahaifinsa. Muddin Ummaru yana kan gadon nan, da kati, da kwalba a rataye, to mara lafiya ne da ake wa magani. Kuma ni ce na tsare shi daga asibiti mako tara. Sai na ga kamar in na fitar da shi yanzu, sau biyu ke nan na kashe shi.

Na ce, "Ka dakata kaɗan. Likita ya ce akwai sabon magani shina hanya. Wanga ya san hanta, ba shi taɓa baki, ba shi sa amai. In munka tahi, wani za a ba."

Ya dube ni. "Shi yah hwaɗi hakanan?"

"Shi yah hwaɗi."

Malam Bello ya ce, "Alhamdu lillahi! To ai sai haƙuri, Ummaru. Ɗiya ba gudu za ta yi ba."

Ummaru ya cire hular ya mayar ƙarƙashin matashi. Ya ce wa baffansa, "Baffa, kai za ka tsaya mani. Sunan Inna. Ka ce ma Dije ina nan tahe."

Aka yi suna babu shi. Aka sayar da tunkiyata biyu aka sa zagaye na uku. Wannan karon zazzaɓi ya kama shi har gadon yana kaɗawa. Sau biyu aka zuƙe masa ruwa daga ciki, ya cika roba, bayan kwana huɗu ya dawo. Ya daina zuwa bayi da ƙafarsa.

Kowace safiya in na shigo da kunu, tambayarsa ɗaya ce. "Inna, baƙonmu ya iso?"

Makon farko na ce yana Ikko. Na biyu na ce ya baro Ikko. Ban san inda nake samo maganar ba, ni da ko a ciniki ban iya ƙari ba. Mako na uku ya ce, "Wanga magani da ƙahwa shika tahowa? Motar albasa mai hwasasshen taya ma da ta kai Anacha ta komo." Masu gadajen kusa suka yi dariya. Sai a nan na gane duk ɗakin sun san da maganar.

A gadon da ke gefensa akwai wani dattijo Bafulatani daga wajen Maiyama, shi ma ciki ne. Wata la'asar matarsa ta same ni ƙarƙashin itace da ƙwaryar nono da aka kawo mata daga ruga. Ta ajiye a gabana ta ce, "Inna Ummaru, ke likita na jin maganarki. In maganin ya zo, ki sa baki a rubuta da nawa tsohon." Na buɗe baki in gaya mata, sai na ji na ce, "In Allah ya so." Na karɓi nonon. Na dama wa Ummaru fura da shi, bai ma iya sha ba.

A mako na biyar ya fara barci da rana tsaka, hannunsa yana rawa in ya miƙa. Na tuna abin da likita ya ce game da kai. Kullum in ce gobe zan faɗa masa, gobe ta yi in ce sai ya ɗan ji ƙarfi.

Ba ni na faɗa ba. Ranar wata Talata da safe likitoci suna zagaye, ba a kai ga korar masu jinya waje ba, Ummaru ya kama hannun rigar ƙaramin likitan.

"Likita, don Allah, maganin nan da anka ce shina hanya. Ina ya kwana?"

"Wane magani?"

"Mai sanin hanya. Wanda kac ce ma Inna."

Likitan ya juyo ya dube ni. Ina riƙe da kofin kunu. Bai tona ni ba, bai kuma rufa mini ba. Ya zauna a bakin gadon ya ce, "Malam Umaru, maganin nan ba ya hanya. Ba a gama yin sa ba. Har yanzu a jikin ɓeraye ake gwadawa."

Ummaru ya yi 'yar dariya, irin wadda ba ta da ƙarfi. "Ashe ɓeraye na gabana ga layi."

Da suka wuce gado na gaba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Inna, kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

Na jira ya yi faɗa. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Da kin ce mani tsoro kika ji, da na zauna maki kwana biyu, in tahi." Sai ya ce, "A nemo mota."

Kafin in fita na je na durƙusa gaban matar Bafulatanin na gaya mata. Ta ce, "Allah shi kyauta," ta juya ta ci gaba da fifita mijinta. Tun da muka bar asibitin ban ƙara ganinta ba.

Mota ba ta samu ba sai bayan kwana biyu, a-kori-kurar wani dillalin albasa da zai koma Aliero babu kaya. Muka shimfiɗa katifa a baya, na ɗora kansa a cinyata, na kare masa rana da mayafi. Zafin bazara ne, ƙarfen motar ba ya taɓuwa. Wajen Tambuwal ya buɗe ido.

"Kwana nawa ga yarinyar?"

Na ƙirga na ce talatin da shida.

"Ta hwara bin mutane da ido ke nan."

Na ce, "Ummaru, ka yahe mani."

Ya ce, "Ba komi, Inna." Ya rufe ido. Wannan ce magana ta ƙarshe da ya yi da ni yana sane da ni. Kafin mu shiga Aliero yana kiran direba da sunan mahaifinsa, yana cewa a buɗe ruwa fangalin gabas ya bushe.

Da muka isa gida matan suka zo da tabarmi kamar yadda na ji tsoro. Sai dai ban san haka abin yake ba daga ciki. Wata ta karɓi wanki daga hannuna, wata ta hura wuta, wata ta zaunar da ni ta sa mini abinci a gaba ta tsaya sai da na ci. Abin da na gudar masa ke nan wata guda da kwanaki.

Aka aika Sarandosa. Dije ba ta yi arba'in ba, amma uwarta ba ta tsaya wannan lissafin ba, ta naɗe ta da jaririyar ta kawo su da hantsi. Aka tayar da shi aka jingina da bango. Idonsa a buɗe, yana kallon kowa da fara'a kamar baƙon da ya sauka gidan kirki. Dije ta durƙusa ta ɗora masa yarinyar a hannu, ni na tallafe daga ƙasa don hannun yana rawa.

Ya daɗe yana kallonta. Ya taɓa tafin ƙafarta da yatsa, ta naɗe ƙafar.

"Tubarkalla," in ji shi. "Ɗiyar wa ta?"

Dije ta ce, "Taka ta, Malam. Taka ta."

Ya gyaɗa kai da ladabi. "Allah shi raya masu ita."

Bayan kwana uku ya rasu, ana kiran la'asar.

Na san kwanansa ne ya ƙare, kuma likita ya gaya mini ko da mun zo da wuri ba lalle ne a iya ba, irin wannan ciwon ba ya nuna kansa sai ya yi nisa. Na karɓi wannan. Amma kwana talatin da 'yan kai da yake da hankalinsa, yana da ɗiya a duniya, waɗannan ba ciwo ne ya cinye su ba.

Don haka 'yan'uwana mata, in idon ɗanku ya yi rawaya ku kai shi a duba, allura ba ta kashe mai shawara, na gani da idona. In likita ya ce ku yi shawara da mara lafiya, ku yi da shi ɗin, ba da zuciyarku ba. Kuma kada ku ba shi abin jira da ba ya zuwa, don mai biyayya zai jira. Maganin nan ban sani ba ko an gama shi. Ina yi wa masu yin sa addu'a Allah ya ba su sa'a, na ga abin da jan ruwan nan ya yi wa bakin ɗana, ba na so wata uwa ta gani.

Dije ta yi aure a Maiyama, mijin mutumin kirki ne, yarinyar tana wurina. Saboda sunana gare ta, Innani ake ce mata. Bana ta shiga shekara bakwai. Kwanan baya muna ɓarar gyaɗa ta ce, "Kaka, babana ya gan ni?"

Amsar da za ta faranta mata tana bakina, gajera ce, ba wanda zai ƙaryata ni. Na ajiye gyaɗar. Na ce, "An kai ki, ya riƙe ki, ya yi maki addu'a. Amma bai san ke ta ba. Ciwo ya taɓa mai kai kahin ku gamu."

"Don mi ba a kai ni da wuri ba?"

"Shi ya so zuwa. Ni nit tsare shi."

Ta dube ni, ta dubi gyaɗar. Ba ta tashi ba. Muka ci gaba da ɓara.